Zabon da Aka Ajiye wa Baƙo

Duk yarinyar da aka kawo mini koyon ɗinki, a satin farko sai ta tambaye ni abu biyu: yaushe za ta hau keken ɗinki, kuma ta wace ce waccan rigar makaranta da ke rataye a bayan ƙofa. Amsar farko gajeriya ce, sai bayan wata shida. Ta biyu kuwa doguwa ce, shi ya sa na ce bari in rubuta ta sau ɗaya in huta, don bakina ya gaji, kuma ku yaran yanzu in ana muku magana idonku na kan waya.

Kuna ganin ɗinkin yunifom aikin malalata ne. Riga ɗaya, siket ɗaya, launi ɗaya, babu leshi babu duwatsu, babu abin da za a ɗauka a hoto a tura wa duniya. Ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifiyata ta kai ni shagon Madan Ayishetu, da almakashina da tef ɗina da 'yar kujerar katako a ka, don a lokacin mai koyo da kujerarta take zuwa. Wata shida ban taɓa yadi ba. Takardar buhun siminti ake ba mu, mu kakkaɓe, mu yanka, mu ɗinke da allurar hannu har yatsunmu su yi fari. In layinki ya karkace Madan ba ta faɗa. Ɗaga takardar take yi sama kowa ya gani, ta tambayi mai kokon da ke bakin ƙofa ko wannan ita ce hanyar Gbalahi da damina. Bayan siminti sai hura gawayin dutsen guga, sai sa maɓalli, sai kalmasa, sannan a bar ki ki taka keke, shi ma babu zare a cikinsa.

Abin da ya fi zama a kaina daga wurinta shi ne awo. Siket ɗin farko da ta bar ni na yanka na wata 'yar aji huɗu ne, na yi shi cif-cif da jikin yarinyar, ina jiran yabo. Madan ta juya shi ciki waje, ta farke shi gaba ɗaya a gabana.

"Siket na yarinya ki bar masa yatsa huɗu a kalmasa, yatsa biyu a kowane gefe," in ji ta. "Uwa na bana ta zo nema, ke na baɗi kike ɗinkawa."

Da na daɗe a aikin na gane tef ba ya ƙarya, kuma ba ya jin kunya. Yarinyar da kika auna bara tana tsalle tana zuba miki surutu, bana sai ta shigo ta ranƙwafar da kafaɗa, ta rungume jakarta a ƙirji, kina kai tef tana riƙe numfashi. Ƙirji ya ƙaru, ƙugu ya fara buɗewa, tsawo ya tashi lokaci ɗaya. Tela takan riga uwa sani. Uwa kullum tana tare da 'yarta, don haka ba ta lura. Ni sau ɗaya a shekara nake ganinta, ga lambobin bara a littafin awo a gabana.

Na buɗe shagona a unguwar Kalpohin, nan Tamale, cikin kwantena, da keken ƙafa ɗaya da madubi mai tsaga. Shekara ta uku ita ce mummunar shekarata. Na sayi keken lantarki sai wuta ta fara wasan ɓuya, keken ya koma teburin ajiye zare. Ruwan sama ya shigo ta rufi ya ɓata mini yadin mutane. Waɗannan duk sun wuce, har ina ba da labarinsu ana dariya. Na Rahinatu ne bai wuce ba.

Rahinatu 'yar wata mai sayar da wake da shinkafa ce a bakin titinmu, shekararta sha biyu ko sha uku. Makarantarsu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta sauya yunifom a shekarar, aka koma siket shuɗi mai haske wanda ko ɗigon shayi ba ya ɓoyewa. Na auna ta, tef ya gaya mini abin da ya gaya mini. Na buɗe baki zan yi wa uwar magana, sai na ce a raina ni tela ce, ba ungozoma ba, me ya shafe ni. Na ɗinka mata kaya biyu, ta karɓi ɗaya, ɗayan saura maɓalli. Bayan sati uku jinin haila ya zo mata a aji, ranar da aka kira ta gaban allo. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai wani abu mai kama da haka a duniya. Ta ɗauka ciwo ne zai kashe ta, ga yara suna ta dariya a bayanta. Ta gudu gida, uwar kuma don tsoro, maimakon ta rungume ta, sai ta fara da tambayar wa ya taɓa ta. Matar ba muguwa ba ce, ita ma haka aka yi mata. Rahinatu ba ta sake taka makarantar ba, daga baya na ji ta bi mota zuwa kudu ɗaukar kaya a kasuwa. Rigar bayan ƙofa tata ce. Na sa maɓallan, ba a zo karɓa ba, kuma har yau in na tuna shirun da na yi ina jin kunyar kaina.

Daga nan na fara wani aiki da babu shi a tsarin kowace makaranta. Duk siket ɗin da tef ya yi mini magana a kan mai shi, ina sa masa shafi mai duhu ta baya, sannan in ɗinka aljihu ta ciki, a ƙasan ƙugu gefen dama, faɗin tafin hannu, yadda ba ya nunawa ta waje. A cikin aljihun ina sa ƙunzugu biyu, wato ƙyallen da mace ke tare jinin wata da shi. Kada ku raina wannan ƙyalle. Auduga zalla ake nema, mai laushi, a wanke ta kafin a yanka, a ninka huɗu da tawul siriri a tsakiya. Yadin roba ba ya shan ruwa, zafi kawai yake kawowa. Ɗinkin gefe dole ya kwanta lumui, domin yarinyar da za ta tako daga Jisonayili da ƙafa, in kika bar mata tudu ɗaya, kafin ta isa makaranta ya goge mata fata. Wadda gidansu ke sayen audugar mata ta kanti, ita ma aljihun yana ɗaukarta.

Uwaye kuma na samo musu magana. Ina miƙa kaya sai in rage murya in ce, "Baƙon wata ya kusa, ki shirya ta." Mu matan zango, unguwar Hausawa, da haka muke kiransa, ba sai an yi bayani ba. Wata ta yi dariya, wata ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan jaririyar?" Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe tela ma na duba. Shekaru ina haka, ina jin kaina gwana, har Allah ya kawo mini Mba Alhassan.

Siket ɗin Fuseina na wata Asabar ne, saura sati biyu a koma makaranta. Babur ya tsaya a ƙofa, wani dogon mutum ya sauko da yadi a leda, 'yarsa Fuseina na biye da shi. Shi ne Mba Alhassan, manomi daga Gbalahi, mutumin Dagomba, mba kuwa baba ke nan a bakinsu. Hausarsa ta kasuwa ce, a wurin sayar da doya ya koye ta, namiji da mace duk "shi" ne a wurinsa, ni kaina "kai" ce. Ina awo yana ba ni labari. Uwar Fuseina ta rasu shekara uku da suka wuce. Yayarsa da ke wani ƙauye mai nisa ta matsa a ba ta yarinyar, yadda aka saba a wurinsu gwaggo ta riƙe 'yar ɗan'uwanta, amma makarantar ƙauyen a aji shida ta tsaya, shi ya sa yake ta ja.

"Kansa yana da kyau, Madan," ya ce yana nuna ta da makullin babur. "Ticha ya ce zai tafi nesa."

Na duba tef, na dubi kafaɗun Fuseina. Ba shakka. Na waiga ina neman macen da zan rage wa murya, babu kowa sai wannan dogon mutum da hularsa. A rayuwata ban taɓa yi wa namiji wannan magana ba, ko mijina. Na tura Fuseina ta duba madubi, na kafa idona a littafin awo, na faɗa da sauri kamar mai ƙona baki.

"Mba Alhassan, Fuseina ta kusa yin baƙo. Baƙon wata. Ka shirya."

"Baƙo?" Fuskarsa ta washe. "Yaushe?"

"Ba a sa masa rana. Wata ɗaya, wata uku, Allah ne ya sani."

"To, alhamdulillahi. Zan shirya sosai. Na gode, Madan."

Ya tafi, na bi shi da kallo ina cewa kai, ga wayayyen mutum. Har maƙwabtana na ba labari, na ce ku zo ku ga manomin da ya fi 'yan ofis fahimta. Ranar karɓar kaya na sa ƙunzugu biyu a aljihu, na ce wa Fuseina babanta zai yi mata bayani, na ɗauka na gama aikina.

Bayan wata guda, da hantsi, ina yanka rigar wasu 'yan biyu, sai ga babur ɗinsa. Muka gaisa, ya zauna a benci, yana ta juya hula a hannu.

"Madan, baƙon nan da ka faɗa. Daga Ankara babban birni zai zo, ko daga ofis na nan Tamale?"

Na ajiye almakashi.

"Don na shirya tun tuni," ya ci gaba. "Na shafe ɗaki, na sayi sabon tabarma, na ware doya. Ka ce baƙon wata, to wata guda ba wasa ba ne, mutum zai ci abinci. Na sayi zabo babba na ɗaure. Kullum yana cin dawana yana kuka, baƙo bai zo ba."

Ashe shi a tunaninsa, tunda ina ɗinka wa makarantu, na ji ƙishin-ƙishin cewa masu taimakon yara masu ƙoƙari za su aiko mutum ya zauna wata guda ya ga karatun Fuseina. Da ƙyar na iya tambayarsa ƙyallayen da na sa a aljihu.

"Hankicin? Ya gode ƙwarai. Da shi yake goge takalmi."

Na yi dariya har sai da na riƙe keke. Hawaye na zuba, cikina na ciwo, shi kuma yana taya ni bai san dalili ba. Ina cikin share ido sai na ga rigar bayan ƙofa, nan take dariyar ta yanke. Wata guda cur yarinyar nan tana nan ba ta san komai ba, ga shi har an koma makaranta, ni kuma ina nan ina yabon kaina. Da shirun da na yi wa Rahinatu da wannan baƙon nawa, duk abu ɗaya ne.

Na sallami masu koyo su je su sha iska. Na jawo kujera na zauna daidai da shi, na dube shi a ido duk da kunya na cina.

"Mba Alhassan, ba mutum ba ne. Jini nake nufi. Jinin haila, wanda ke zuwa wa mata duk wata. Fuseina ta kusa farawa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, fuskar ta sauya.

"To wannan ba aikin namiji ba ne. Yayana ya faɗa, ya ce rana zai zo da ba zan iya ba. Gobe zan kai shi ƙauye."

Da bakina na jawo abin da mutumin nan ya yi shekara uku yana turewa. In Fuseina ta hau babur ɗin nan gobe, karatu ya ƙare, sai in nemi ƙusa ta biyu a bayan ƙofa.

"Da ta yi zazzaɓi bara, wa ya zauna da ita?" na tambaye shi.

"Ni."

"Wa ke dafa mata tuwo?"

"Ni. Yanzu shi ma ya iya."

"In akuyarka za ta haihu, yayarka kake aika wa?"

Ya harare ni. "Madan, ɗiyana ba akuya ba ne."

"Shi ya sa. Akuya ka tsaya mata, 'yarka za ka tura ƙauye saboda kwana biyar a wata?"

Ya gyara zama, bai tashi ba. Na ɗauko ƙunzugu sabo na shimfiɗa a tebur, na yi masa bayani yadda ake yi wa mutum bayanin sabon injin feshi: ga yadda ake ninkawa, ga yadda ake sauyawa, a wanke da sabulu da ruwa mai kyau, a shanya a rana, ba a cusa a ƙarƙashin tabarma da danshi ba. Da ya ga abin yana da tsari sai manomin cikinsa ya farka. Kwana nawa yake yi? Yana ciwo? In ya yi ciwo me ake yi? Akwai abin da ba a ci? Salla fa? Guda nawa za su isa? Ya tambayi abin da uwaye da yawa ba su taɓa tambayata ba. Na ce masa ruwan ɗumi a mara yana taimakawa, in ciwon ya yi yawa ko jinin ya wuce kima a je asibiti, salla kuma hutu Allah ya ba ta har ta yi wanka.

"Bayanin jiki da wanki ni zan yi mata," na ce. "Amma akwai magana ɗaya da ba ta da amfani a bakina. Kai za ka gaya mata ba laifi ta yi ba, kuma ba inda za ka kai ta."

Ya share zufa da hula. "Wannan ya fi huɗar doya wuya."

Asabar ya kawo ta. Na shiga da ita bayan labulen gwaji, na faɗa mata komai da sunansa, ban ce baƙo ba ko sau ɗaya. Tana saurare tana murza bakin mayafi. Da na gama, ba ta tambayi ciwo ba, ba ta tambayi jini ba.

"Mma, baba ya sani?"

"Ya sani."

Idonta ya kawo ruwa. "To zai kai ni wurin gwaggo ke nan. Gwaggo ta ce ranar da na zama mace zan koma hannunta."

Kafin in buɗe baki sai muka ji gyaran murya daga benci. Mba Alhassan ya juya wa labule baya, ya fuskanci bangon kwantena, ya fara magana da Dagbanci, harshensu, da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona. Ina jin harshen daidai gwargwado. Ya ce, Fuseina, abin nan mahaifiyarki ta yi shi, kakarki ta yi shi, Madan ma tana yi.

"Kai, Mba Alhassan, cire ni a ciki!" na ce daga bayan labule.

Fuseina ta fashe da dariya da hawayenta. Shi kuwa bai kula ni ba, ya ƙarasa wa bango maganarsa: ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne, ranar da ya zo ta gaya masa, kuma makaranta ba fashi, ba wanda zai kai ta ko'ina. Da muka fito rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na ba ta sababbin ƙunzugu shida, na ce na takalmi ta ci gaba da goge takalmi da su.

Daga baya ta gaya mini ya kewaye mata wani lungu da zana a bayan ɗakinta, ya ɗaura igiyar shanya inda rana ke bugawa, ya saya mata bokiti nata na kanta. Zabo kuwa ya hana a taɓa shi. Duk wanda ya yi maganar yanka sai ya ce na baƙo ne.

Wata huɗu aka yi. Ya zo mata ranar jarrabawar ƙarshen zango, tana tsakiyar lissafi. Ta ɗaga hannu ta nemi izini, ta fita, ta laluba aljihun da ke ƙasan ƙugu gefen dama, ta dawo ta ƙarasa takardarta. Ko wadda ke zaune kusa da ita ba ta sani ba. Wannan shi ne aikin da kuke cewa na malalata, don haka gobe in na farke muku aljihu sau uku kada wata ta kumbura mini baki. Kuma in tef ya yi muku magana, ku faɗa wa mai yarinya da sunan abin, uwa ce ko uba.

Da ta koma gida ta tarar da shi yana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta tsaya a kansa, ta zaɓi Hausa da gangan, ta ce, "Baba, baƙonka ya iso."

Bayan la'asar sai ga babur a ƙofata, da kwano ɗaure a ɗankwali. Tuwo ne da miyar ayoyo, wato lalo, da cinyar zabo a kai, ƙatuwa, ta sha dawar wata biyar.

"Madan, ya zo," ya ce yana dariya har kunne. "Ya same mu a gida."

Na zauna ina ci, naman ya yi tauri kamar bel ɗin keke, ban bar ko tsoka ba. Yana jiran kwanonsa sai idonsa ya kai bayan ƙofa, ya tambaye ni rigar wa ce wannan da ta daɗe haka har ta koɗe.

"Ta wata yarinya ce," na ce. "Nata baƙon ya zo bai sami kowa a gida ba."

Ya sake duban rigar. Sannan ya ɗaure kwanonsa, ya sa hula, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Madan, irin aljihun nan, ka yi mini ɗaya kuma. Ɗiyan maƙwabcina ya kai tsawon Fuseina, uwansa yana kudu. Ni zan faɗa wa babansa da bakina." Ya tayar da babur. "Amma ba zan ce masa baƙo ba. Zabo ya yi tsada."